Kor Huɗu, da Sunana a Kai

Asabar, 2 ga wata, bayan la'asar

Yau sun ajiye ni. Ba su ce sun kore ni ba, ina, waɗannan ai ba su da wannan ƙarfin halin. Cewa suka yi in ɗan huta.

Bari in rubuta yadda aka yi tun kafin zuciya ta ƙara wa abin gishiri. Mu huɗu ne a ƙungiyar, shekara da shekaru: ni, da ƙanena Auta, da Dogo direban tankar ruwa, da Malam mai koyar da lissafi. Duk Asabar da yamma kowa na ɗakinsa, abin ji a kunne, mu shiga wasan harbin nan na kwamfuta mu kara da wasu huɗun. Ni ce mai harbin nesa, ni ce kuma kaftin. Ni na koya wa Auta riƙe maus tun majina na zubo masa har baki. Yau shi ne mai shagon gyaran kwamfuta, har da gemu, har yana min magana a hankali kamar mai lallashin tsohuwa.

Muna gama wasa ya ce, "Yaya, kin ga sabunta wasan da suka yi? Yanzu sai furosesa mai kor shida. Taki huɗu ce. Shi ya sa take sarƙe miki daidai lokacin harbi."

Na ce ya sauko ƙasa ya yi min bayani. Ya ce furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, kor kuwa ma'aikatan da ke cikinta. Wasan yanzu yana raba aikinsa gida shida, ni kuma ma'aikata huɗu gare ni, dole wani ya ɗauki kayan mutum biyu, hoto ya tsaya cak yana jiransa. Ga gasa ranar 23 ga wata, wadda muka ci burin shiga tun bara. Ba za a shiga da kwamfuta mai in'ina ba.

Na ce, "To wa zai riƙe nesa?"

Dogo ya yi tarin da ba na Allah da Annabi ba. Can Malam ya ce, "Akwai wata, Kaftin. Na ɗan lokaci ne."

Akwai wata! Ashe har an samo. Ni ce dai ban sani ba.

Lahadi, 3 ga wata, da safe

Kwamfuta ce. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma shi ne masanin abin.

Litinin, 4 ga wata, da magariba

A wurin aiki na ɓata wa Oga katuna. Na saita su a injin yanka, na ja, sai gefen ya fito a karkace. Na ce masa wuƙar injin ta dakushe, tun yaushe nake faɗa. Ya dube ni, ya dubi katunan, ya ce in koma kan tebur in riƙa karɓar aiki daga masu zuwa, shi zai yanka. Oho dai. Shagonsa ne.

Maigida kuwa tun shekaranjiya wani irin daɗin rai yake, har da waƙe-waƙe a banɗaki. Na gaya masa an ajiye ni, wai, "Ayya, Kaftin, ai kin samu hutu ke nan." Ayya a bakinsa kamar an ce masa ruwa ya dawo famfo. Daga nan ya tuna min da zancen ranar sha huɗu, ƙarfe goma, kada in manta. Na ce na ji. Kullum sai ya tuna min, kamar ni ce ba ni da kalanda.

Biron nan ma ba ya rubutu da kyau, duk ya karkata min layi.

Laraba, 6 ga wata, da azahar

Na yi amfani da hutun rana na je shagon Auta. Yana nan yadda na san shi: fanka ɗaya mai kuka, akwatunan kwamfuta a buɗe kan benci, sukurori cikin murfin gwangwani, ƙaurin dalma. Ya ba ni kujerarsa, shi ya hau kan kwali.

Na ce, "Me zan saya?"

Ya ce, "Me za ki saya na me?"

"Mai kor shidan. Ko ba kai ka ce ita ce matsalar ba?"

Kai jama'a, sai yaron nan ya fara jero min duwatsu a hanya. Wai sabuwar furosesa ba za ta zauna a tsohon madabod ɗina ba, wato farantin da ke ɗauke da duk kayan ciki, ramin da ake dasa ta ba iri ɗaya ba ne, sai an canza shi. In an canza madabod sai an canza memori. Wataƙila har abin rarraba wuta. Wai kaya sun yi tsada, in bari sai baɗi. Auta, wanda in ka ce masa maus ɗinka na ƙara zai tsara maka sabuwar kwamfuta tun daga tushe kafin ka rufe baki, yau shi ke cewa a bari sai baɗi.

Na ce, "In shida ake so, ni takwas zan saya, in huta da gori."

Ya yi dariya, irin ta mai sana'a da ya ji an yi wauta. "Haba Yaya, takwas ai na masu yaɗa wasa kai tsaye ne, suna yi suna ɗauka. Wasa irin namu saurin kor ɗaya ya fi dame shi, ba yawansu ba, ko uku ma ba ya cika..." Sai ya haɗiye sauran. Ya sunkuya yana neman wani sukuro da bai faɗi ba.

Na ɗauka rowar lokacinsa yake min. Na tashi na bar masa shayinsa ban sha ba. Kofin ma ya cika shi har baki, ya san ba na son haka.

Asabar, 9 ga wata, da yamma

Asabar ta farko.

Na buɗe wasan don kawai in gani. Ga su can a jere, fitilarsu kore: Auta, Dogo, Malam, da ita. Ba zan rubuta sunan da take wasa da shi ba. Baƙuwa, shi ke nan. An ce a kemis take aiki, kusa da makarantar su Malam.

Babu wanda ya ce min ko sannu. Na zauna da abin ji a kunne, ba kowa a ciki, ina sauraron fankar kwamfutata.

Maigida ya leƙo, wai mu fita mu sha iska. Na ce iskar ɗakina ta ishe ni.

Litinin, 11 ga wata, bayan an tashi aiki

Na ɗauki ambulan ɗin kuɗin da ke ƙarƙashin barguna. Na san na mene ne. Ba sai an gaya min ba, ni na sa shi a wurin.

Ban je wurin Auta ba. Na hau benen kasuwa, shagon da ke ƙarshen layi, na ce a ba ni mai kor takwas da madabod ɗinta da memorinta. Mai shagon ya tambaye ni ko na maigida ne. Na ce na kakarsa ne. Ya yi dariya ya naɗe min.

Akwatin furosesar ɗan ƙarami ne, bai kai tafin hannu biyu ba. Na rungumo shi a mota har gida kamar jinjiri. Wallahi rabon da in ji daɗi irin na yau har na manta. Ranar sha huɗu kuma, ai ba gudu take ba, a sake sa wata.

Talata, 12 ga wata, da la'asar

Na dire wa Auta kwamfutata da kayan a kan benci. Na ce, "Ga takwas. Haɗa."

Da na san zan ga irin fuskar da ya yi, da na zo da mai ɗaukar hoto. Ya juya akwatin, ya sake juyawa. "Yaya, ina kika samu... Maigida ya sani?"

Na ce, "Kai ne mijina ko shi? Haɗa min."

Ya haɗa. Gaskiya yaron nan ya iya aiki, ko ina jin haushinsa sai na faɗa. Ya ɗaga ɗan ƙarfen, ya sa furosesar a raminta ba ko ƙara, ya ɗiga mata man sanyaya kamar ƙwayar wake, ya ɗaure fanka. Na ce ya bar ni in ɗaura sukuro ɗaya da hannuna, don albarka. Ya ce a'a, sukudireban ya lalace, yana zamewa. Na ga dai shi bai zame masa ba.

Auta yana da wata al'ada tun yana koyo. Duk kwamfutar da ya haɗa sai ya raɗa mata suna, ya kuma sa wani ɗan ma'auni a kusurwar allo, sunan a sama, ƙarƙashinsa sanduna, kowane kor da sandarsa, tana hawa tana sauka gwargwadon aikin da yake yi. Tsohuwata ita ce ta farko da ya taɓa haɗawa da hannunsa, da abin da ya fara samu a sana'a. YAYA ya sa mata. Na yi kuka a ranar, shi ma ya yi, ko da yake yanzu zai musa.

Ya ce wane suna za a sa wa sabuwar. Na ce KAFTIN, don kowa ya san inda aka kwana. Tsohon madabod da furosesarsa da faifan ajiyar kuwa ya naɗe su a leda, ya ce zai adana min, ya sa min sabon faifai daga nasa.

Na ce, "To gaya musu Asabar ina nan."

Ya ce, "Sai ta ɗan zauna tukuna, Yaya. Sabuwar furosesa tana son kwanaki kafin ta saki jiki."

Na yarda. Ni fa na yarda. Wai ta saki jiki, sai ka ce sabon takalmi.

Alhamis, 14 ga wata, da azahar

Ban je ba.

Maigida ya ɗauki hutu a wurin aiki don ya raka ni, ya sa takalmi, ya ɗaga barguna. Ba zan rubuta abin da ya ce ba. Ba zan rubuta abin da na ce ba. Abin da ya tsaya min shi ne bai yi faɗa yadda na zata ba. Ya zauna a bakin gado, ya dubi sabuwar kwamfutar, ya riƙe kai. Daga nan ya fita matakala da waya.

Ƙofarmu ba ta rufuwa sosai. Na ji yana cewa, "Ba haka muka yi da kai ba. Kai ka ce ba za ta iya saya ba."

Ban san da wa yake ba. Mutum ai yana da abokan hulɗa da yawa.

Juma'a, 15 ga wata, da yamma

Na shiga filin gwaji ni kaɗai, inda ake harbin allunan da ke motsi.

Tubarkalla, hoto sumul, ba tsayawa ba in'ina. Na dubi ma'aunin Auta. Sanduna takwas: biyu suna aiki tuƙuru, biyu suna ɗan taɓawa, huɗu kuwa barcinsu suke sha. Na saya musu gida sun zo sun kwanta.

Allunan sun yi ta wucewa.

Maus ɗin nan ya tsufa. Gobe zan goge ƙasansa.

Asabar, 16 ga wata, bayan la'asar

Dogo. Allah sarki Dogo, bai iya mugunta ba, bai kuma iya ɓoye ta ba. Ya manta ina cikin zauren hirarmu na waya, ya turo ɗan bidiyo daga allon Baƙuwa, ya rubuta, "Ku ga hannu!" Ya goge da sauri, amma ya riga ya sauka a wayata.

Na kalla. Ta iya, ba zan yi ƙarya ba. Daga saman hasumiya ta kwashe mutum biyu kafin su san daga ina. Wurin tsayuwata ne, ni na gano shi.

Sai a kallo na biyu idona ya kai kusurwa.

Sanduna huɗu. Na faɗaɗa hoton da yatsa, na ƙirga, na sake. Huɗu, suna hawa suna sauka abinsu, hoto na tafiya sumul kamar nawa na jiya. A samansu kuma, da manyan baƙaƙe, YAYA.

Ko sunan bai iya cirewa ba.

Lahadi, 17 ga wata, da safe

Huɗu.

Lahadi, da azahar

Na buɗe shafin masu wasan da kaina, abin da ya kamata in yi tun ranar farko, amma wa ke bincikar ƙaninsa? Ga shi a rubuce, ko yaro zai gane. Mafi ƙarancin abin da ake buƙata: kor huɗu. Wanda suka fi so: shida. Fi so, ba dole ba. Kuma haka yake tun bara, ba abin da aka canza.

Maigida ya kawo min shayi, rabin kofi. Tun yaushe ya fara zuba min rabin kofi? Ban lura ba sai yau.

Litinin, 18 ga wata, da yamma

Na je. Akwai mai jiran gyara a shagon, na ce ya yi haƙuri ya dawo gobe, maganar gida ce. Na ajiye wa Auta wayar a kan benci, bidiyon na tafiya.

Na ce, "Ƙirga min."

Bai duba ba. Ya san abin da ke ciki.

"Ƙirga min, Auta. Ni ban yi karatun kwamfuta ba. Nawa ne?"

"Huɗu ne, Yaya."

"Ta wa ce?"

"Ƙaramar kwamfutarta ce ke zafi tana mutuwa. Aro na ba ta, zuwa bayan gasa. Wallahi aro ne."

Na ce ni ba zancen aro nake ba, ya ba ta shagon ma in ya ga dama. Na ce ya dube ni ya gaya min yadda furosesar da ke sarƙewa a ɗakina ta warke da ta je ɗakin wata. Iskar can ce ta fi? Na ce na goya shi, na wanke masa kashi, na sha duka a kansa ranar da ya fasa rediyon Baba, yau shi ne zai zaunar da ni ya karanta min tatsuniyar ma'aikata shida. Na ce ya bar ni na hau benen kasuwa kamar sakarya. Na ce ya karɓa ya haɗa da hannunsa, yana kallona ina murna, bai ce uffan ba. Na faɗi wasu abubuwan ma da ba na rubutawa ba ne.

Ya bar ni na gama. Idonsa ya yi ja. Sai ya ce, "Yaya, ba ni na fara cewa kwamfuta ce ba. Ke kika fara. Tun watannin baya, duk harbin da ya kuskure sai ki ce ta sarƙe. Mu kuma mu ce e, ta sarƙe. Ina ganin ma'auninki daga nan, ba ta taɓa sarƙewa ba ko sau ɗaya. Bayan kowane wasa Maigida ya ce sai kin sa hannun a ruwan sanyi. Likita ya ce ki hutar da shi, kin ƙi. Me kike so in ce miki?"

Na ce, "Gaskiya."

Ya ce, "Na gwada. Ranar da na ce ko za ki koma riƙe kusa, kwana nawa kika yi ba ki ɗaga wayata ba?"

Na ɗauki jakata. Zif ɗin ya ƙi rufuwa, na bar shi a buɗe na fito.

Talata, 19 ga wata, da safe

Maigida bai musa ba. Shi ya je wurin Auta, shi ya roƙe shi ya nemo dalilin da ba zai taɓa ni ba. Su huɗu suka zauna a shagon, har da Malam da Dogo, suka yi shawara a kaina kamar ana shawarar tsohuwar mota. Malam ne wai ya kawo dabarar kor, don lissafi ba ya jawo gardama.

Ya ce, "Don ke muka yi, Kaftin."

Na ce kada ya ƙara kirana Kaftin a gidan nan.

Abin da ke ci na ba ajiye ni ba ne. Kowace ƙungiya tana canza ɗan wasa. Abin da ke ci na shi ne duk Asabar ɗin nan da suka wuce, ina ihu a kunnensu ina zagin kwamfuta, su kuma suna taya ni zaginta, alhali kowa ya sani. Suna kashe abin magana su yi tasu hirar, su kunna su ce, "Kai, ta sake yi miki, Yaya." Ni kaɗai ce a ɗakin da ban san wasan da ake yi ba.

Laraba, 20 ga wata, da azahar

Hannuna lafiyarsa ƙalau. Gajiya ce.

Alhamis, 21 ga wata, da yamma

Dogo ya zo. Ya faka tankarsa ta tare rabin layi, masu mota na ta danna masa oda, shi ko a jikinsa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi shigowa, yana murza makulli.

Ya ce, "Hajiya, mun yi magana. Kujerarki ce. Ki dawo ranar Asabar, ita ta ce ba komai, za ta koma gefe. In an cinye mu a cinye mu, dama can mun saba."

Ka ji fa. In an cinye mu. Ko a bakinsa bai iya cewa za mu ci ba.

Na ce, "Dogo, tsakaninka da Allah, in na zauna a hasumiyar nan, za ka tsaya a wurinka ko za ka riƙa zagayowa bayana kana tare min?"

Ya dubi takalminsa. Ashe shi ya sa watannin nan kullum yake mutuwa da wuri, ina ta yi masa tsiya wai ya tsufa. Wurinsa yake bari ya zo gadina.

Na ce ya je ya janye motarsa kafin a fasa masa gilashi. Na ce su shiga da ita. Ban faɗa don na yafe ba, kada wani ya yi zaton haka. Na faɗa ne don ba zan zauna a kujerar sadaka ba.

Da zai tafi ya ce, "Wurin da take tsayawa, ita ma ta ce naki ne." Na ce ta ci lafiya.

Asabar, 23 ga wata, da hantsi

Ba zan kalla ba.

Asabar, bayan la'asar

A shagon Auta suka taru su huɗu, saboda intanet ɗinsa ya fi ƙarfi. Ana nuna gasar kai tsaye. Kwamfutata mai kor takwas ta nuna min ita tsaf, ko ɗigon tsayawa babu. Aƙalla ta yi wani amfani.

Sun ci zagaye na farko da na biyu, aka fitar da su a na uku. Mu a duk gasar da muka shiga a baya ba mu taɓa wuce na farko ba.

Sau ɗaya na yi ihu, lokacin da wani ya zagayo ta bayan hasumiya. Na ce, "Hagunki!" Ni kaɗai a ɗaki, abin maganar ma ba a haɗe yake ba. Ta juya hagun da kanta.

Maigida yana bakin ƙofa, ya yi kamar bai ji ba. An sake ba mu ranar ganin likita, biyar ga watan gobe. Auta ne wai ya cika ambulan ɗin. Ban tambaya ba, ban gode ba.

Litinin, 25 ga wata, da yamma

Na biya ta shagon daga wurin aiki. Abu ɗaya ya kai ni. Kwamfutar da ya ara wa Baƙuwa tana nan kan benci tun ranar gasa, a cikin wani baƙin akwati da ban sani ba, amma da ya kunna ta na gane kukan fankarta.

Na ce, "Ta riƙe furosesar, na bar mata. Kujerar ma ta riƙe. Amma a cire sunana."

Ya ce, "To, Yaya." Ya buɗe wurin da ake canza sunan, ya kai hannu zai goge.

Na ce, "Matsa. Ni zan cire abina."

Ya matsa. Na zauna. Na goge YAYA, wannan bai yi wuya ba, maɓalli ɗaya ne. Saura in rubuta wani. Na ce bari in sa mata HASUMIYA, tunda can take zama.

Na danna harafin farko, biyu suka fito. Na goge. Na sake, ya fito da na kusa da shi. Na goge. Na dafe wuyan hannun da ɗaya hannun, na sake. Yatsan yana ta bugun maɓallin da kansa, kaf-kaf-kaf, ina kallonsa, layi ya cika da harafi ɗaya har ya kai ƙarshen akwatin.

Auta yana tsaye a kaina, yana gani. Kibod ɗin shagon tsoho ne, duk ƙura, kowa ya san wasu maɓallansa na maƙalewa. Ga dalili nan a gabansa, ko nema ba sai ya yi ba. Ina jira ya ce, "Kibod ɗin ne, Yaya."

Bai ce ba. Ya ja kwali ya zauna kusa da ni, ya ɗora hannunsa a kan nawa har bugun ya lafa.

Ni na ce ya riƙa gaya min gaskiya. A shagon nan na faɗa, da ƙarfi, har maƙwabta suka ji.

Wallahi na so ya ce kibod ne.